Keke, kunne da waƙa: tambayoyin da ake yawan yi mini a Yamai

Shekara tara ke nan ina ƙetare kogi a kan keke safe da yamma, daga gidana a Harobanda zuwa wurin aikina a Plateau. A tsawon wannan lokaci ƴan uwa da abokan aiki da ɗalibai sun sha tare ni da tambaya, wani a fada ana shan shayi, wani a bakin masallaci, wani ta WhatsApp. Yawancin tambayoyin a kan keke ne, sauran kuma a kan waƙoƙin da suke ji ina kunnawa idan na sauka na zauna. Na tattara su wuri guda domin akwai inda suka haɗu, wato a kunnen mai keke.

Malam, da wannan zafin na Yamai, anya mutum zai iya zuwa aiki a kan keke kullum?

Zai iya, in ya san lokacin fita. A watan Afirilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 da rana tsaka, amma da sassafe iska na da sauƙi. Ni ina barin gida kafin bakwai da rabi, ina tafiya a hankali, riga ta biyu na cikin jaka. Dawowa kuma sai bayan la'asar. Ranar da ta fi wuya ita ce Juma'a, da ake tashi aiki rana na tsakiyar ka. Ranar nakan bi hanyar da ke da itatuwan dogon yaro ko da ta fi nisa, in jiƙa hula da ruwa kafin in hau.

Ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka, kuma kada gora ta rabu da keken. In ka ji jiri, ko ciwon kai mai sara, ko ka ga zufa ta ɗauke alhali jikinka ya yi zafi rau, to sauka nan take ka nemi inuwa, ka zuba ruwa a kai da wuya. Wannan ba gajiya ba ce, zafi ne ya fara cin jiki. In azumi ya faɗo a bazara, babu laifi ka jingine keken ka hau taksi ko faba-faba har a sha sallah.

Batun kuɗi kuwa lissafi ne mai sauƙi. Wanda ke kashe sefa 500 kullum a kuɗin mota, a kwana 26 ya kashe jika 13. Wata kaɗan keken ya biya kansa.

Wane irin keke ya dace in saya?

Ka fara duba hanyar da za ka riƙa bi. In daga ƙofar gidanka har wurin aiki kwalta ce, baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Phoenix, mai taya lamba 28, ba shi da na biyu wajen ƙarko da ɗaukar kaya, kuma babu mai gyaran da bai san cikinsa ba. Amma yawancin unguwanninmu, da ka sauka daga babban titi sai rairayi. A nan siririyar taya takan nutse ta kayar da mutum. Wanda ke zaune a irin su Talladjé, Banifandou ko Kirkissoye ya fi dacewa da wanda ake kira VTT, mai faffaɗar taya lamba 26 da giya. Lamba 26 da 28 su ne ake samun tayarsu da tub ɗinsu ko'ina, daga Katako har gun mai facin bakin layi. In ka sayi mai baƙuwar lamba, wata rana za ka yi yawon neman taya kamar mai neman allura a rairayi.

Tsakanin sabo mai ƙyalƙyali mai araha da na hannu da aka kawo daga Turai, sau da yawa na hannun ya fi. Araha ba ta ado. Sabon nan mai sifirin gaba da baya da ake sayarwa da sauƙin kuɗi, nauyi ne kawai, kuma ba ya jimawa yake fara kuka. In za ka sayi na hannu, ka bi duk mahaɗar ƙarfen da ido da yatsa ko akwai tsaga ko sabuwar walda. Ka ɗaga ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuyan yana ƙwas-ƙwas akwai gyara. Tsayin sirdi kuma, idan feda na ƙasa, gwiwarka ta kusa miƙewa amma kada ta miƙe sarai.

Ka karɓi takardar ciniki, ka juya keken ka rubuta lambar da ke ƙarƙashinsa, daidai inda fedoji suka haɗu. Ranar da aka sace, ita ce shaidarka a wurin ƴan sanda.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saye bayan keken?

Birki, sannan fitila, sannan kaske (hular kwano), sannan makulli, sannan famfo da kayan faci. Wasu za su ce me ya sa ban sa kaske a gaba ba. Dalilina shi ne birki da fitila suna hana hatsarin aukuwa, kaske kuwa aikinsa na farawa ne bayan an riga an faɗi. Amma kada a sha wata biyu ba a cike ukun farkon nan ba.

Robar birki abu ne mai araha ƙwarai, amma ita ce aka fi sakaci da ita. Nakan ga samari suna tsayar da keke da tafin takalmi a gangaren da ke sauka gada, raina ya ɓaci. Ka kuma san wane hannu ne ke riƙe da birkin gaba, domin ba ɗaya ba ne: kekunan Faransa galibi hagu ne gaba, na tsarin Ingila kuwa dama ne. Birkin gaba shi ke da ƙarfin tsayarwa, amma in ka damƙe shi shi kaɗai a kan rairayi ko a kwana, ƙasa za ka sha. Ka matsa duka biyu tare, kana tura jikinka baya.

Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mene ne amfanin kaske?

Wannan maganar na fi ji, kuma ba na raina masu faɗinta, domin imani ne ya sa su faɗa. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Kaske ɗaurin raƙumi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara. Karaya a hannu ko ƙafa ana ɗorawa ta warke. Kai in ya bugi bakin kwalta, wani lokaci mutum na rayuwa amma ba ya komawa yadda yake.

Ni kaina na taɓa faɗuwa, ba ma da gudu ba. Wani mai mota ne da ya tsaya a gefen titi ya buɗe ƙofa bai duba ba. Kafaɗata ta gurje, kasken ya tsage gida biyu, na tashi na tafi da ƙafafuna. Na ajiye tsagaggen a ɗaki har yau, shi nake nuna wa ƙannena.

Abin da ke aiki a cikin kaske shi ne busasshen soson nan mai tauri. Idan an bugu yakan murƙushe ya shanye ƙarfin bugun, kuma sau ɗaya yake wannan aiki. Saboda haka kasken da ya taɓa shan ƙasa ya gama, ko da bayansa na sheƙi. Wannan ne ya sa nake tsoron na gwanjo, tunda ba ka san tarihinsa ba. In dole sai shi, ka cire ƙyallen ciki ka duba soson a rana ko akwai tsaga ko lotsawa. Ka nemi tambarin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka a ciki. Wajen sawa, ya zauna daidai a ka, yatsa biyu sama da gira, ba a ture shi ƙeya kamar hula ba, igiyar haɓa kuma ta kama yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Kasken da ba a ɗaure ba, shi ke fara tashi kafin mai shi ya kai ƙasa.

Na babur ma yana tsare kai, sai dai nauyi da zafi za su sa ka jefar da shi cikin mako guda. Na keke mara nauyi ne, mai ramukan shan iska.

Ni da ba na tafiyar dare, ina ruwana da fitila?

Magariba ba ta sallama. Taro ya ja, ko taya ta sace, ko ka tsaya gaisuwar mutuwa, sai ka ga duhu ya same ka a hanya. Kuma fitilar keke ba domin ka gani kaɗai ba ce, domin a gan ka ce. Fara a gaba, ja a baya. Ta baya ta fi muhimmanci, domin wanda zai buge ka daga baya yake zuwa. Akwai ƙanana da ake caji da igiyar salula, ka riƙa cajinsu a wurin aiki saboda ɗaukewar wuta. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka nakan kunna tawa ko da hantsi. Rigar nan mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya tana da araha, kuma direba na hango ta daga nesa fiye da farar shadda.

Gadar Kennedy ce ke ba ni tsoro, da shatale-tale. Yaya kake yi?

Tsoronka na kan hanya. An buɗe gadar nan a 1970, lokacin da Yamai ba ta kai kwatar yadda take yau ba. Tsawonta ya ɗan haura mita 700, layi biyu ne kacal, kuma kowa na kanta: taksi, babur, amalanken jaki, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, wani lokaci har raƙumi da kayan tabarmi ko itace. Gada ta biyu da Sin ta gina, wadda aka buɗe a 2011, ta fi faɗi, ta uku kuma mai sunan Janar Seyni Kountché ta zo a 2021. In hanyarka ta ba da dama, faffaɗar ta fi kwanciyar hankali ko da za ka ƙara minti goma. In kuwa Kennedy ce dole, ka miƙe a layi ɗaya, kada ka riƙa saƙa tsakanin motoci, kada kuma ka manne da bakin dakali har feda ta taɓa shi.

Babban abin da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne batun kamyo da manyan bas. Muna tuƙi ta hannun dama, mai keke kuma na can gefen dama. Direban kamyo yana zaune sama ta hagu, akwai wuri babba a damansa da ba ya gani sam. Idan zai karya dama, yakan fara buɗewa hagu, sai mai keke ya ga fili ya kutsa, ƙafafun baya kuma su yanko kwanar su rufe filin. Kada ka taɓa shiga tsakanin kamyo da bakin titi a mahaɗa. Tsaya bayansa ya wuce. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.

Taksi kuma yana iya tsayawa ko'ina da zarar an ɗaga masa hannu, don haka in kana bayansa yatsunka su zauna a kan birki. Motocin da ke ajiye a gefe, ka bar tazarar mita guda tsakaninku saboda ƙofa. A shatale-tale kada ka dogara da cewa kai ke da hanya. Ka nemi idon direba, ka miƙa hannu ka nuna inda za ka tun da wuri. Inda ya fi ƙarfinka, irin wajen gadar sama ta Mali Béro da safe, sauka ka ja keken ka ƙetare da ƙafa. Babu abin kunya a ciki. Danja in ta ba da ja, har da kai take nufi. Bin hannun da ba naka ba don gajerce hanya kuwa, shi ne abin da ya fi kai masu keke asibiti a idona.

Kullum ina wurin mai faci. Laifin taya ne?

Sau da yawa laifin iska ne. Taya mara isasshiyar iska, da ta daki rami sai ƙarfen ƙafa ya cije tub ya yi huda biyu kusa da juna. Adadin iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta. Ka duba sau ɗaya a mako. Sauran kuma tsidau ne da ƙayar aduwa da fasassun kwalabe a gefen titi. In an yi faci, ka sa mai gyara ya shafa cikin tayar da yatsa ya zare ƙayar, in ba haka ba gobe ma kana nan. Wata dabara ita ce a yanka tsohon tub a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon. Ka kuma san irin bawul ɗinka kafin ka sayi famfo, domin iri uku ne: mai kauri irin na mota, siriri na kekunan tsere, da irin na baƙin keke.

Baƙin mai na mota zai yi wa sarƙa?

Shi aka fi sawa, amma yana kama ƙura ya zama kamar turmi yana niƙa sarƙar. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai mara kauri kaɗan, irin na keken ɗinki ma ya yi, ka sake goge na sama. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ka ƙara kula: jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa da wuri, musamman a baƙin keke, kuma ruwan da ya kwanta a titi yana ɓoye rami da buɗaɗɗen magudani. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, kada ka shiga. In ka ga jan hadarin nan na ƙura ya taso daga gabas, nemi rumfa tun kafin ya iso.

Yaya, ni mace ce, da hijabi da zane. Kuma ina so in riƙa kai yaro lakwal.

Ƙanwata, akwai keken da ba shi da sandar tsakiya, shi ya fi miki sauƙin hawa da sauka. Abin tsoro shi ne bakin hijabi ko zane ya shiga wayoyin ƙafar baya ko sarƙa, ya fizge ki ta wuya. Ki tattare shi ki zauna a kai ko ki ɗaure a ƙugu, ki sa wando a ciki, a kuma sa wa sarƙar murfi. Maza masu babbar riga, ku ma da ku nake. Kaske yana zama a kan hijabi mara kauri, a sassauta maɗaurin baya kaɗan.

Yaro kuwa, raunin da aka fi gani shi ne diddige ya shiga wayoyin ƙafa. Kada a ɗora shi a kariya ƙafafu na lilo. A sa kujera mai wurin taka ƙafa, a rufe gefen ƙafar bayan da raga ko roba mai tauri, a sa masa takalmi rufaffe da nasa kasken.

In hatsari ya auku fa?

Ƴan kwana-kwana 18, ƴan sanda 17, motar asibiti ta gaggawa 15. Wanda ya bugu a kai ko wuya, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa. In kai ne ka bugu a kai, ka je asibiti ko da ka ji garau, musamman in amai ko barci mai nauyi ya biyo baya. Ka ajiye ƴar takarda a aljihu da lambar wani naka, domin salula a kulle ba ta gaya wa kowa komai.

Zan iya sa abin kunne in riƙa jin waƙa ina tafe?

A'a. Ina son waƙa ƙwarai, amma a nan ba na sassauci. Mai mota yana da madubi uku da ƙarfe kewaye da shi. Mai keke kunnensa ne madubinsa. Da kunne nake sanin kamyo ne a bayana ko babur, yana rage gudu ko yana ƙarawa, tun kafin in waiga. Oda a titunanmu magana ce, ana cewa da kai ga ni nan tafe. Wanda ya toshe kunne ya rufe wa kansa rabin hanya. Ko kunne ɗaya ba na so, domin hankali ne ke tafiya, ba ji kaɗai ba. Amsa waya ma haka, tsaya gefe ka gama.

Waƙa tana da wurinta: bayan an sauka, an yi wanka, an ɗora shayi. A can ma a tausaya wa kunnen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80, awa 40 a mako ne iyakarta ga babba. In na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga abin kunnenka, ya yi yawa.

To me zai sa in sayi waƙa, alhali ana tura mini kyauta?

Bari in ba ka labarin da ya haɗa keke da waƙa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda yau yake cika manyan wuraren wasa a Amurka da Turai, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Ba a shago suka yi suna ba, daga salula zuwa salula suka bi ta Bluetooth da katin memori har suka ƙetare Sahara zuwa Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutane, ya kuma bi sawun masu su domin ya ba su rabonsu.

Labarin yana nuna abu biyu. Turin da muke yi shi ya kai sunansa nesa, ban musa ba. Amma duk yawon da waƙar ta yi a wayoyinmu, ko dala ba ta kai masa ba, sai da wani ya saya. Mawaƙi yana biyan situdiyo, yana biyan makaɗa, yana da iyali. Mai tura waƙa a kasuwa yana karɓar kuɗinka ya cika maka kati, shi ma neman abincinsa yake, amma wanda ya yi waƙar ba ya ganin komai a ciki. Ba na cewa kowa ya sayi duk abin da yake ji. Ina cewa mawaƙi ɗaya ko biyu da waƙarsu ta raka ka shekaru, ta yi bikinka, ta ɗebe maka kewa a tafiya, sun cancanci kuɗinka ya isa hannunsu.

Mene ne bambancin saye da biyan kuɗin wata?

Kamar sayen keke ne da hayarsa. Spotify, wanda ya iso Nijar a 2021, da Apple Music da Boomplay da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, duk haya ce. Kana biyan wata, ko kana ji kyauta da talla. Waƙar da ka sauke a cikin manhajar tana kulle a can, ba za ka iya ɗauke ta zuwa kati ba, kuma ranar da ka daina biya ta tafi. A Spotify ma sai ka shiga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya rufe. Abin da mawaƙi ke samu a ji ɗaya kuwa bai kai dala ba, sai an ji dubbai kafin ya zama kuɗi.

Saye shi ne ka biya sau ɗaya, a ba ka fayil ɗin ya zama naka. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, kuma tun 2009 ya cire makullin da ke hana kunna waƙoƙinsa a wasu na'urori. A ƙasar da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma ba wasa ba, ni na fi ganin hikimar saye. Haya tana da amfani wajen gano sababbin mawaƙa.

A ina kake saye?

Galibi a Bandcamp, wani shagon sayar da waƙa a intanet. Dalilina shi ne rabon a fili yake: kamfanin na ɗaukar kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa, ya koma kashi 10 idan cinikin mawaƙin ya haura dalar Amurka 5,000, a cire ɗan kuɗin masu sarrafa biya, saura na mawaƙi ne ko kamfanin da ya fitar da shi. Tun watan Maris na 2020, lokacin korona, suka fara ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason. Ana iya saurare kafin a saya, mai waƙa ne ke sa farashi, wani ma yakan ce ka biya abin da ka ga dama. Mawaƙan Nijar da dama suna can, irin su Les Filles de Illighadad na wajen Abalak, da Etran de L'Aïr na Agadas, da Tal National na nan Yamai. Ka tabbata shafin na mawaƙin ne ko na kamfaninsa, domin akwai masu ɗora waƙar wasu su ci kuɗin.

Ba ni da katin banki. Airtel Money ko Nita ba za su yi ba?

Nan ne gizo ke saƙa. Manyan shagunan waje Visa ko Mastercard ko PayPal suke karɓa. Mafita ita ce katin Visa da ake zuba wa kuɗi tun da farko, wanda bankuna da dama ke bayarwa. Ka tambaya ko an buɗe shi don ciniki a intanet, da nawa suke cira a kowane ciniki. Ka zuba daidai abin da za ka kashe, ko an sace lambar asarar kaɗan ce. In farashin da yuro ne lissafin ba ya motsi, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato faifan yuro 8 ya kama wajen sefa 5,250 kafin ladan banki. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka. Mutum uku ko huɗu a fada ɗaya suna iya amfani da katin mutum guda, kowa ya ba shi nasa a hannu.

Lambar sirrin da banki ke turo maka ta saƙo lokacin biya, kada ka karanta wa kowa ita a waya, ko ya ce daga bankin yake. Katin kyauta na Apple da ake tallatawa a Facebook kuma yana aiki ne kawai a ƙasar da aka saye shi domin ta.

MP3 ko FLAC? Kuma datata fa?

Waƙar minti 4 a MP3 mai lambar inganci 128 tana cin wajen mega 4, mai lamba 320 kusan mega 10, FLAC kuwa, wato fayil ɗin da ba a rage ingancin sautinsa ba, takan kai 25 zuwa 30. A salula da ƙaramin lasifika, 320 ta wadatar har ta yi yawa. FLAC ta masu manyan kayan sauti ce da masu ajiya. Ka sauke da dare ko inda akwai wifi. Ka kwafe abin da ka saya a wuri biyu, katin memori da kwamfuta ko filas, domin zafi da ƙura suna kashe kati ba sanarwa. A Bandcamp, in ka buɗe asusu, abin da ka saya yana nan a ajiye, kana iya sake saukewa ko salula ta ɓace.

Mawaƙin da nake so ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Yaya zan yi?

Mafi yawan namu haka suke: masu gurmi da kalangu da duma, masu bege, matasan da ke waƙa a ƙananan situdiyo na unguwa. Nan kuɗin salula ya fi kowane kati aiki. Da yawansu suna sa lambar hulɗa a shafinsu na Facebook ko YouTube. Ka kira ka tabbatar shi ne ko wakilinsa, ka tura abin da ya sawwaƙa ta Airtel Money, Moov Money, Nita ko Amana, ka roƙi ya turo maka waƙar daga asalinta, wadda ba ta sha turi har sautinta ya dushe ba. In ana wasa a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ka sayi tikiti ka shiga ta ƙofa. Wanda kuma zai yi amfani da waƙa a rediyo ko wurin kasuwanci ko talla, wannan ba sayen sauraro ba ne, sai ya bi ta hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA.

In abokinka ya ji waƙar a wurinka ya ce ka tura masa, tura masa guda ɗaya ya ɗanɗana, ka haɗa masa da lambar mawaƙin ko adireshin shafin da ka saya.